Sassaƙa da naman kaza mai rai da kayan bola: amsar tambayoyin da ake yawan yi mini a Sakkwato

Damina uku ke nan ina wannan aiki a wani ɗakin ƙasa da ke bayan gidanmu a Mabera, ɗakin da ake zuba hatsi a da. Duk wanda ya leƙo ya ga buhunan buntu da tulin kwali da wasu fararen abubuwa jere a kan katako kamar an shanya cuku, sai ya tsaya ya yi tambaya. Daga ɗalibi har dattijo tambayoyin ba sa wuce waɗannan, shi ya sa na tara su wuri ɗaya.

Wai mene ne wannan abin da kake yi?

Ranar da kakata ta fara gani, cewa ta yi: "Wanga abu mi na na, ɗan nan? Ruɓa ka aje cikin ɗaki?" Na ce, "Inna, rabin gaskiya kika faɗa." Domin kuwa ruɓar ce, amma ruɓar da aka yi wa linzami.

Laimar kwaɗin nan da ke tsirowa a gefen juji ko gindin mataccen icce bayan an yi ruwa, wadda wasu ke ce wa naman kaza, 'ya'ya ce kawai. Ainihin jikin yana ɓoye cikin iccen, farin zare ne da ya fi gashi siranta, yana ratsa ko'ina yana ci. Masana suna kiransa maisiliyam, ni dai farin zare nake ce masa. Sirrin aikin ɗaya ne: zaren nan duk abin da yake ci sai ya ɗinke shi. In ka daddatse kara ko ka samu garin katako, ka jiƙa, ka cuɗa shi da irin naman kaza, ka danna cikin mazubi mai siffar da kake so, ka rufe ka ajiye a duhu, bayan mako biyu ko uku za ka zazzage abu guda dunƙulalle, fari fat, ɗauke da siffar mazubin. Babu gam, babu siminti. In ya bushe nauyinsa bai fi na totuwar kara ba sosai, irin wadda muka yi motar kara da ita muna yara.

Sassaƙa ake ce masa don babu wani sunan da ya fi kusa. Amma masassaƙi yana da iko a kan iccensa, inda ya sa gizago nan zai fita. Ni kuwa sai dai in shirya abinci da makwanci in koma gefe in jira. Na fi ganin aikin a matsayin kiwo.

Tsiro ne ko dabba?

Ko ɗaya. An daɗe ana lissafa shi cikin tsirrai, sai a 1969 wani masani Ba'amurke, Robert Whittaker, ya ware masa rukuni nasa. Ba ya haɗa abinci da hasken rana kamar gero, sai dai ya tsiyaya sinadarin da ke narkar da abin da ya taɓa, ya tsotse. Abin da ke ba zarensa ƙarfi shi ne irin sinadarin da ke cikin ɓawon fara. Danginsa suna cikin gidajenmu tuntuni: yis ɗin da ke kumbura burodi, funfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu, har da wadda Alexander Fleming ya gano penisilin a jikinta a 1928.

Kuma ba mu muka fara kiwonsa ba. Garar da ke gina manyan suri tana noma wani nau'insa a cikin surin, tana tauna ciyawa ta shimfiɗa masa, shi ya narkar, ita ta ci. Wanda ya taɓa fasa suri ya ga wani abu mai ramuka-ramuka kamar soso, gonar ke nan.

Wa ya fara mai da shi aikin fasaha?

Yin fasaha da abu mai rai ya samu suna a 1997, lokacin da Eduardo Kac, ɗan asalin Barazil, ya laƙaba masa suna da ke nufin fasahar halittu. Shi ne ya tada ƙura a 2000 da wata zomanya da aka sa wa ƙwayar halittar da ke sa ta yi hasken kore a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Wannan ɓangaren ni bai taɓa burge ni ba.

Na naman kaza ya fi natsuwa. Phil Ross, mai zane a San Faransisko, ya shekara da shekaru yana noma nau'in Ganoderma yana buga bulo da shi. A 2009 ya kai wata baka da ya gina da bulon zuwa wani baje koli a Dusuldof ta Jamus, aka riƙa gutsurar ginin ana dafa wa baƙi shayi da shi. A 2007 kuma wasu ɗalibai biyu a jihar Niyok, Eben Bayer da Gavin McIntyre, suka kafa kamfanin Ecovative don maye gurbin farar kumfar da ake cusa wa kwalin talabijin. Abin da ya fi yin amo shi ne hasumiyar da David Benjamin ya gina a 2014 a harabar gidan baje kolin MoMA PS1 a birnin Niyok: bulo kusan 10,000 na karan masara da farin zare, tsayinta ya kai mita 12. Ta yi 'yan watanni a tsaye, aka rushe ta aka mai da ita taki.

A nahiyarmu akwai Mae-ling Lokko, 'yar Gana ta wajen uba, wadda ke haɗa farin zaren da ɓawon kwakwa. A Namibiya kuma an gina gida da bulon da aka noma a kan ƙayar da ta mamaye musu makiyaya.

Malam, wannan ba gunki ba ne? Addini ya yarda?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zuwa, kuma a garin Shehu dole ta zo. Ni ba malami ba ne, don haka abin da na ji daga malamai zan maimaita, mai neman fatawa ya je zaure.

Tambayar ta rabu biyu. Na farko siffar da aka yi. Abin da aka sani a Malikiyya, wadda a kanta muka tashi, shi ne haramcin ya fi tsanani a kan surar mai rai, mutum ko dabba, wadda ke da jiki da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika. Akwai kuma labarin da ya zo a Bukhari da Muslim na mutumin da ya gaya wa Ibn Abbas cewa da zanen surori yake ci, shi kuma ya nuna masa in ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. A kan haka na tsaya. Ban taɓa yin kan mutum ko doki ba, ba ni ma da sha'awa. Abin da nake yi shi ne dagi, da zankon soro, da faifan bango masu irin zanen da magina ke yi a ƙofar zaure, da ƙwarya da akushi, da wasu siffofin da ba su yi kama da komai ba. Magabatanmu sun ƙawata bango da fata da ƙwarya shekaru aru-aru ba tare da sun zana fuska ba, filin yana da faɗi.

Na biyu, wani dattijo a masallacin unguwarmu ya taɓa ce mini, "Yaro, kai ka ce abin yana da rai. Halitta kake yi ke nan?" Na ce, "Baba, wanda ya shuka gero bai halicci gero ba." Ya yi dariya ya ce in kawo masa ɗaya ya gani.

Wane irin shara ake amfani da shi?

Duk abin da asalinsa tsiro ne kuma ya bushe. Amma kafin a ce shara a Sakkwato sai an yi hattara, domin abin da Bature ke kira sharar gona mu a nan kuɗi ne. Harawa tana da farashi, kara ana yin darni da shi, ana girki, ana ba dabbobi, dusa kuwa mai awaki ba zai bar maka ba. In wannan fasaha za ta zo ta yi takara da bakin tunkiya, ba ta da amfani.

Abin da ya zama shara na gaskiya shi ne buntun shinkafa. Je ka bayan injinan casa ka ga tsibinsa yana cin wuta a hankali kwana da kwanaki, hayaƙi yana shiga gidajen mutane. Sai garin katako na masu yankan katako, da kwalin da 'yan kasuwa ke zubarwa, da kiret ɗin ƙwai na takarda, da yagaggen buhun algarara da ya gama ɗaukar albasa, da ƙyallayen auduga na wajen tela. Buntu shi kaɗai ba ya ƙosar da zaren, yana da tauri, akwai sinadarin yashi da yawa a jikinsa. Nakan haɗa shi da garin katako da yagaggen kwali, in barbaɗa dusa 'yar kaɗan. Buhun algarara kuwa nakan shimfiɗa shi a tsakiya, yana hana abin karyewa kamar yadda ciyawa ke yi a cikin tubali.

Abu biyu nake gudu. Garin katakon da aka shafa wa baƙin mai ko maganin gara, da na filawud mai gam. Sai dogon yaro: ɗacin nan nasa da ke korar ƙwari ba ya yi wa zaren daɗi, ga shi kuma shi ya cika garin, don haka sai ka tambayi mai injin wane icce ya yanka yau.

Yana cin leda da roba?

Wanda muke aiki da shi ba ya ci. An yi ta yaɗa cewa naman kaza zai cinye ledar duniya, asalin maganar kuwa binciken da wasu ɗaliban jami'ar Yale suka fitar a 2011 kan wani nau'i daga dajin Ekwado da ke iya narkar da wata irin roba guda ɗaya, a ɗakin gwaji. Tsakanin wannan da ledar fiya wata da ta toshe kwalbatin Tudun Wada akwai tafiya mai nisa.

Amma roba tana da aiki a wajena: ita ce mazubi. Fasasshen bokiti, jarkar mai da aka raba biyu, robar fenti, tsohon baho, duk daga 'yan jari-bola nake saye. Zaren ba ya manne wa roba, don haka abin yana fita sumul. Waya da guntun rodi kuma nakan yi ƙashin ciki da su, zaren ya lulluɓe su ko da ba ya cinsu.

Ina ake samun irin?

Wajen masu noman naman kaza na ci. Sun fi yawa a kudu, cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi a Legas ma ta daɗe tana koyar da noman. Irin yana zuwa ne a kwalba ko leda, ƙwayar dawa ce da farin zare ya lulluɓe. Nau'in da ya fi samuwa shi ne wanda 'yan kasuwa ke kira oyista, yana da saurin girma, ba shi da tsirfa. Ganoderma ya fi shi jinkiri, amma abin da yake bayarwa ya fi tauri, fatarsa kamar kirgi.

Matsalar ita ce hanya. Iri abu ne mai rai, in ya kwana biyu a bayan mota cikin rana a hanyar Kwantagora, gawa za a miƙo maka. Ka roƙi direba ya sa shi a gaba, ka kuma yi odarsa lokacin sanyi ko tsakiyar damina. Kada ka tsinko na daji ka ce za ka yi iri da shi, wannan aikin masu ɗakin gwaji ne.

Yaya ake yi, daga farko har ƙarshe?

Ka jiƙa haɗinka ya kwana, ka tsane shi. Gwajin ruwa a hannu yake: ka damƙa ka matse da ƙarfi, in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ya yi. In ya tsiyaya ya yi yawa, in ka buɗe hannu ya warwatse ya yi kaɗan. Sai ka ɗura a leda mai kauri ka turara shi a cikin duro, kamar dai yadda ake turara dambu: ruwa a ƙasa, katako a tsakani, kaya a sama, murfi a rufe. Ni ina ba shi awa huɗu daga lokacin da tururi ya tashi. Dalilin turarawar shi ne a kashe sauran funfunar da ke cikin kayan, don naka ya samu fili shi kaɗai.

Ka bar shi ya huce sarai. Gaggawa a nan ta kashe wa mutane iri da yawa, in ka sa bayan hannunka ka ji ɗumi, bai yi ba. Ka wanke hannu da sabulu, ka goge hannun da mazubin da sifirit, ka rufe taga, ka kashe fanka. Ka marmasa irin ka cuɗa, kamar kashi ɗaya na iri cikin goma na kaya. Ka danna cikin mazubi, lungu-lungu, ba da ƙarfin da zai hana iska shiga ba, domin yana numfashi kamar mu. Ka rufe da leda, ka huda ta da allura wuri-wuri.

Kwana uku zuwa huɗu za ka ga fari-fari ya fara fitowa kewaye da kowace ƙwayar dawa, kamar an yayyafa gari. Ranar da na fara ganin haka na fi minti goma a tsugune da tocilan. In ya rufe ko'ina sai ka zazzage shi a hankali, ka sa shi cikin babbar leda mai iska na wasu kwanaki. A nan ne yake yin fatar waje, fara mai laushi kamar bayan kunnen ɗan akuya. Daga nan sai shanya.

Da wannan zafin namu zai rayu kuwa?

Nan ne gizo ke saƙa. Zaren ya fi jin daɗi tsakanin digiri 25 zuwa 30. Ya haura 35 sai ya tsaya, ya kusa 40 sai ya fara mutuwa. Ga shi kuma shi kansa yana fitar da zafi in yana ci, don haka cikin mazubi ya fi ɗakin zafi. To mu da Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, sai a yi lissafi.

Shekarar farko ban yi lissafin ba. Wata makaranta ta gayyace ni in kawo aiki bikin yaye ɗalibai, na ce ai wata guda ya isa, na zuba manyan faifai goma sha biyu a tsakiyar Afrilu. Kwana biyar abin yana tafiya, na fara yi wa abokai alfahari. Rana ta shida na buɗe ƙofar ɗakin wani tsami ya buge ni kamar an manta da kunu a rana. Fari ya koma rawaya, ruwa yana kwance a ƙasan leda, bayan kwana biyu kore ya hau. Ko ɗaya bai tsira ba. Ƙanena ne ya taya ni kwashewa a baro, yana toshe hanci yana cewa, "Yaya, ai ba a fafe gora ranar tafiya." Ranar bikin da hotuna na je.

Tun daga nan na raba shekara. Agusta da Satumba lokacin girma ne, zafi ya sauka, iska tana da laima, sai dai funfuna ma lokacinta ke nan, tsabta sai an ninka. Disamba da Janairu su ma suna yi, har sun fi tsabta, amma hunturu yana tsotse ruwan kaya cikin dare ɗaya in leda ta huje, ga ƙura. Nakan rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofa in yayyafa ruwa a daɓe safe da yamma. Daga Maris zuwa saukar ruwa kuwa hutu nake ba shi. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na kwano nesa ba kusa ba. Don ajiye iri da ƙananan gwaji ina amfani da dabarar randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. A busasshiyar iska irin tamu ta fi aiki.

Amma zafin da ke kashe shi yana da ranarsa. A Turai sai sun kunna tanda sun biya kuɗin lantarki kafin su busar da aikinsu. Mu kuwa faifan da na ɗora a kan rufi a watan Fabrairu, kwana uku ya bushe ƙarau. Akwatin da aka shafa wa baƙin fenti aka rufe da gilashi, irin na'urar busar da kaya da hasken rana da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki a kai, yana yin zafin da zai kashe zaren gaba ɗaya.

Ta yaya zan san ya lalace?

Hanci kafin ido. Lafiyayye ƙamshinsa kamar ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Tsami ko wari alamar ruwa ya yi yawa ko zafi ya buge shi, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Kore, baƙi ko ruwan lemo duk baƙi ne da ba a gayyata ba. Kada ka buɗe shi a ɗakin aiki don ka ƙare masa kallo, ƙurarsa za ta zauna a bango ta jira zubi na gaba. Ka fita da shi a rufe, ka binne.

A bar shi da rai ko a kashe shi?

Masu wannan fasaha sun rabu a nan. Wasu suna busarwa da zafi, abin ya tsaya yadda yake, a rataya a bango. Wasu kuma suna kai shi gaban jama'a da ransa, a cikin akwatin gilashi mai laima, mai kallo ya zo yau ya ga fari, ya dawo jibi ya tarar laima ta ɓullo ta gefe, bayan mako ya ga ta yanƙwane. A wajensu canjin nan shi ne aikin.

Ni zuciyata tana wajen masu rai, ko da yake a garin nan wahalarsa ta fi. Akwai abin da busasshe ba zai taɓa yi ba: in ka jingina bulo biyu masu rai ka rufe su, cikin 'yan kwanaki za su haɗe su zama ɗaya, sai da wuƙa. Haka na haɗa wata baka ƙarama ba tare da turmi ko ƙusa ba. Wata rana kuma wani dagi da na yi ya fitar da laima daidai tsakiyar ƙullin, inda da ni ne da kaina ba zan yi tunanin sa komai ba. Na bar ta.

A sani cewa wanda aka shanya a iska kawai bai mutu ba, barci yake. In damina ta zo ya sha laima yana iya farkawa.

Ba ya sa cuta? Ana cin laimar da ta fito?

Masu tsoron makero da ƙyasbi su kwantar da hankali. Dangi ne na nesa, amma masu cin fatar mutum daban, masu cin icce daban. Inda ake hattara shi ne numfashi. In laima ta buɗe sosai tana sakin ƙura mai laushi da ke iya tayar wa mai asma ciwo, har masu noman na ci sukan yi fama da tari in ɗakin ba iska. Ka cire ta kafin bakinta ya miƙe, kuma kada ka kwana ɗaki ɗaya da aiki mai rai. Funfunar da ke hawa in abu ya lalace ita ta fi haɗari, cikin danginta akwai mai sa guba a gyaɗa da masarar da ba ta bushe ba. A sa takunkumi in za a kwashe.

Maganar ci kuwa, oyista abinci ne, ana sayar da shi a manyan kantuna. Amma wanda ya tsiro a kan kwali mai tawada ko ƙyalle mai rini, ba na ci, ba na ba kowa, don naman kaza yana tara ƙarafa masu guba daga abin da ya ci. Na daji kuma kada wanda ya gwada, akwai masu kisa, kuma ido ba ya raba su.

Yana da ƙarko? Za a iya gina gida da shi?

A cikin ɗaki, in ya bushe kuma ba ya taɓa ƙasa, yana shekaru. Na farkon da ya yi mini kyau yana nan a bangon zaure, ya ɗan koma ruwan ƙasa kawai. Ruwa ne maƙiyinsa, sai gara. Wuta ba ta cinsa da sauri kamar kumfar roba, yakan yi gawayi a sama ya tsaya, masu bincike a jami'ar RMIT ta Ostareliya ma sun gwada haɗa shi da buntun shinkafa a 2018 don wannan dalili.

Gida kuwa, kada a ruɗe mu. Ƙarfinsa bai kama ƙafar bulon siminti ba, ko tubali mai kyau ya fi shi ɗaukar nauyi. Inda nake ganin zai yi mana rana shi ne silin. Abu ne mara nauyi da zafi ba ya ratsa shi da sauri, kuma duk wanda ya kwana ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ya san abin da nake nufi.

To ina fasahar, tunda shi ke yin aikin?

Wani abokina maƙeri ne ya yi mini wannan tambayar, da 'yar zolaya. Na ce masa marini ma ba shi ke mai da baba shuɗi ba, yana dai san yadda zai haɗa toka da ruwa, da ranar da karofi ya nuna. Zaɓen siffa, da abin da za a ci da shi, da ranar da za a ce ya isa haka, duk na mai aiki ne.

Kayan da aka zaɓa ma magana ne. El Anatsui, ɗan Gana da ya shekara da shekaru yana koyarwa a jami'ar Nsukka, da murafun kwalba da wayar tagulla yake ɗinka manyan mayafai, har aka rataya su a gidan baje kolin Tate Modern na Landan a 2023. Wanda ya kalle su yana ganin kyau, yana kuma ganin tarihin abin da aka sha aka yar. Haka nake so wanda ya tsaya gaban faifan da na yi da buntun fadamar Rima da buhun albasa ya gane kayan garinsu tun kafin a gaya masa.

Akwai kuɗi a ciki?

A Sakkwato, yau, babu. Wanda zai shiga don kuɗi ya noma oyista na ci ya kai otal, sa'annan ya yi fasaha da ragowar buhunan da suka gama bayarwa. A waje an zuba dukiya mai yawa, musamman wajen yin abin da ya yi kama da fata. Kamfanin MycoWorks da Phil Ross ya shiga kafawa a 2013 ya yi jaka tare da kamfanin kayan ƙawa na Hermès a 2021. Wani kamfanin kuma, Bolt Threads, ya dakatar da yin tasa fatar a 2023 don kuɗi sun yanke. Majema da dukawan garin nan ba su da abin tsoro tukuna, na riƙe irin wannan abu a hannu, bai kai fatar jar akuyarmu ba.

In an gaji da shi ina ake kai shi?

A cire waya da rodi a mayar wa 'yan gwangwan, sauran a farfasa a binne a gindin shuka, damina ɗaya ya zama ƙasa. Lalatattun faifan nan goma sha biyu a gindin zogalen bayan gida suka ƙare.

Sai dai a kula da awaki. Bara na shanya wani zanko da na yi mako biyar ina lallaɓawa, na ɗora shi a kan turmi na shiga sallar la'asar. Ko da na fito akuyar maƙwabta ta cinye kansa tana neman gindin. Na bi ta da gudu har ƙofar gida, matar gidan ta leƙo ta ce, "Malam, in dai ba ta mutu ba gobe ka aiko mata da wani."